Babin da Wendell Ya Tsallake

A ƙungiyar karatu ta matan wani coci a garin Bemidji, wadda kwalin tishu ke hannunta ita ke da magana. Haka al'adar take: a zauna a zagaye a ɗakin ƙasa, a zuba kofi, kowace ta karɓi kwalin ta faɗi inda littafin wata ya sa ta kuka. Wendell bai san da wannan ba sai yau. Da ya sani, da mura ya ƙirƙiro ya kwanta a gida.

Shi ba ɗan ƙungiya ba ne, rakiya ya yi. Aikinsa karanta wa Marlys Tveit littafi duk Talata, tun bayan haɗarin motar da ya tafi da mijinta Arne, ya haɗa da idanunta. Fasto ya nemi mai taimakawa, sai ga Wendell, wanda ko ƙofar coci bai cika sani ba, ya ɗaga hannu. A ƙafa yake zuwa ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Ya share mata ƙofar gida, ya kauce wa kujerar marigayi, ya buɗe littafi. Ran Talata kaɗai yake cin abinci ya ji ɗanɗanonsa. In Marlys ta sallame shi, bai san inda zai kai sauran kwanakinsa ba.

Littafin wannan watan na soyayya ne, tsakanin wata mai gasa burodi da wani mai gyaran kwalekwale, Callum. Lafiya lau aka yi ta tafiya har kusa da ƙarshe. Nan Callum ya fita sayo mata fulawa, titi ya yi santsi saboda ƙanƙara, wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta. Idon Wendell ya riga bakinsa isa wurin. Sai ya haɗa shafuka ya juye su gaba ɗaya, ya ci gaba da zuba daga kansa: Callum ya dawo da buhun fulawa yana ƙorafin sanyi da tsadar mai, aka ɗaura aure, kowa ya ci kek. Marlys ta ce madalla, ta ce ya ɗora mata ruwan shayi.

Yanzu ga shi a kusurwa kusa da tukunyar kofi, kwali ya fara yawo.

"Ni babin asibitin nan ne ya gama da ni," in ji Darlene, tana fyace hanci. "Maigidana Gary ya shigo a guje, ya ɗauka rasuwa aka yi mana."

"Ke ai ko tallar sabulu kuka kike yi," Joyce ta ce, ta warce kwalin. "Ni haushi ne ya kama ni. Wannan marubuciya ba ta da imani! Ta sa ka so yaro kamar ɗan cikinka, sannan ta kai shi ƙarƙashin mota."

Wata ta taka mata ƙafa, ta nuna Marlys da baki. Joyce ta haɗiye sauran maganar da ɗan guntun kek.

Kwalin na matsowa, gumi na bin bayan Wendell a ɗakin da kowa ke sanye da rigar sanyi. Kunya yake ji, da tsoro, da wani abu da ya fi su nauyi. Ya yi wa makauniya ƙarya a cikin falonta, yanzu za ta ji a bakin duniya.

Marlys ta shafa kwalin, ta ɗora shi a cinya, ba ta zaro ko ɗaya ba.

"Ni ban yi kuka ba," ta ce. "A nawa littafin Callum ya dawo gida da fulawarsa."

Kawuna suka juya wajen tukunyar kofi.

"Wendell!" Darlene ta ce. "Kai kuma yaushe ka zama marubuci?"

"Ku bar min shi," in ji Marlys. "Nawa ya fi naku daɗi." Ta miƙa kwalin gaba, aka yi ɗan dariya, aka shiga gardamar ko ya kamata mai burodin ta sake aure.

Da aka tashi, ta riƙe gwiwar hannunsa suka kama hanya, yana faɗa mata inda santsi yake. Sai da suka kusa gida ya iya buɗe baki.

"Misis Tveit, na yi miki ba daidai ba. Na ga kamar wurin zai yi miki ciwo. In kina so fasto ya samo wani..."

"Tun a ranar na gane," ta ce. "Saurayin da ke magana kamar waƙa, kwatsam ya koma ƙorafin kuɗin mai da tayoyi. Kuma ba ni ka tausaya wa ba, ɗan nan. Ni na riga na ga ƙarshen irin wannan labari."

Ta laluba ƙofarta, ta tsaya ba ta shiga ba.

"Ran Talata ka zo ka karanta min babin yadda aka rubuta shi, kalma bayan kalma, ko muryarka za ta yi rawa. Ba yau na fara jin ta tana rawa ba. Da ita ka yi ta roƙon Arne gafara a bakin titi, ran da babbar motarka ta ɗaukar katako ta hau kanmu."