Ƙunshin da Bai Kama Ba

Kin ce matar ɗanki ba ta faɗa miki tana da damuwa ba, shi ya sa kika zuba mata ido. Yo ina za ta faɗa? Gyara zama in ba ki misali.

A wani gari an yi wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, ɗanta ɗaya tal, ya yi aure ya ajiye matar a gida tare da ita. Yarinya ce mai tsananin kunya, ko ido ba ta haɗawa da uwar mijinta. Allah ya ba ta ciki, kin kuwa san cikin fari ba a maganarsa da manya, ko ya kai haɓa sai dai a yi ta jan mayafi ana rufewa. Da cikin ya tsufa, barci ya ƙaurace mata. In ta kwanta rigingine numfashi ya tokare, in ta juya ƙugu ya amsa, ƙafafu sun yi suntum, ga jijiyar sha-raɓa tana ɗaurewa. Da ta ɗan tsegunta wa mijin, bawan Allah sai ya sayo sabuwar katifa, ya ce ta yi haƙuri, ya juya ya hau minsharinsa. Iyakar saninsa ke nan.

Tsohuwa ba a gaya mata komai ba, amma tana jin yadda taɓarya ke yin shiru a tsakiyar daka. Wata safiya ta tarar da yarinyar tana gyangyaɗi a gaban murhu, bakin zaninta har ya fara hayaƙi. Tsohuwa ta yi wuf ta kashe wutar. Ita ma haka ta yi a nata cikin na fari: ta yi ta haɗiye gajiya saboda kunya, har jiri ya kayar da ita da tulu a ka a hanyar rafi, cikin ya zube. Shekaru sun ja, abin bai bar ranta ba, kuma ga shi tana kallon hanyar nan ana sake bi a tsakar gidanta. Sai dai ta san in ta ce je ki kwanta, za a ce mata "lafiyata lau, Inna", a ninka aiki don kada a ce raguwa. In kuwa ta ce kawo bayanki in matsa miki, ai yarinyar gara ƙasa ta tsage ta shige.

Da aka idar da azahar sai ta kwaɓa lalle, ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta ɗaure fuska. "Ke, wannan ƙafa taki fara fat kamar ta mai takaba, so kike a ce ba na kula da 'yar mutane? Zo nan." Ta shafa mata, ta naɗe da ganye, ta ɗaure da tsumma. To, wadda aka yi wa ƙunshi ba ta tashi, kuma babu mai aikenta. Ta sa ta kwanta ta gefen hagu, ta cusa mata matashi tsakanin gwiwoyi, wai don kada lallen ya goge a zani. Sannan ta lakato man kaɗe. Hannun da ya shekara yana matsar tunkuza ya san inda ake dannawa da inda ake sassautawa. Cikin dai ba ta taɓa shi ba. Daga sha-raɓa ta fara, a hankali, ta hau ƙugu, ta kai kafaɗu, tana yi tana mitar awakin maƙwabta da suka addabe ta, kamar ba ta san abin da hannunta ke yi ba. Da farko yarinyar ta sandare kamar itace, can sai jiki ya saki. Kafin a gama zancen awaki ta yi nisa a barci, baki a buɗe. Tsohuwa ta kore kaji, ta ja turmi bayan ɗaki, ta dawo ta zauna tana kore mata ƙuda da mafici, tausayi ya cika ta har ta share ƙwalla da gefen ɗankwali.

Haka aka yi ta ƙunshi bayan 'yan kwanaki kaɗan-kaɗan, har ƙafa ta yi baƙi wuluk, maƙwabta suna tsokanar cewa amarcin gidan nan ba ya ƙarewa. Barcin dare ma ya fara dawowa, mijin yana ta yabon katifarsa.

Ana nan, ciki ya shiga watansa, ranar nan yarinyar ta wayi gari ido jajur, ga lalle ya ƙare, mai kawowa ba ta zo ba. Tsohuwa ta jira har yarinyar ta kwanta ta ba ta baya, ta ɗebo garin kuka, tunda shi ma kore ne, ta kwaɓa ta ƙunsa mata. Da la'asar yarinyar ta farka, ta kwance ƙafa ɗaya. Sai ga yauƙi, ga ƙamshin miya. Ta daɗe tana kallon ƙafar, ta ɗaga kai ta ga tsohuwa a bakin rumfa tana ɓarar gyaɗa da hannuwan da suka gaji, nan take ta gane komai tun daga ranar farko. Hawaye ya zubo mata. Ta mayar da tsumman ta ɗaure da kyau.

"Inna, bai kama ba tukuna."

"To koma ki kwanta, lalle ba ya son gaggawa."

Ta kwanta ta hagu, wannan karon da kanta ta sassauta zani ta matso da bayanta kusa da hannun tsohuwa.

Don haka tashi ki je gida, kada ki jira sai ta buɗe baki. Ke ma kin taɓa ɗaukar kayan nan, kin san inda yake danna mutum. Ba a banza Hausawa suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne ba.