Abin da Ya Sa Moton Malam Yake Rarrafe

"Malam, ka ƙara wuta mana, ko jakin ƙauyenmu Bana ya fi mu sauri," in ji Ajuma daga bayan moto mai ƙafa biyu.

Mijinta Malam Yusha'u ya ci gaba da kauce wa ramuka. Lokaci-lokaci haka yake mayar da moto abin rarrafe, ita kuwa ta yi ta mita. Yau hankalinta a tashe yake: nononta ya sake yi mata tsami da ciwo, tana tsoron muguwar cuta. Kunya ta sa ta ce masa ciwon kai ne zai kai ta likita a Gaya.

Ungozoma ta duba ta, ba ta ji ƙullutu ba. "Yaushe yake taso miki?"

Ajuma ta shiga ƙirga kwanaki da yatsu.

Malam ya yi gyaran murya daga bayan labule. "Gab da ta ajiye salla. Da ta ajiye, sai ya lafa."

"Alhamdu lillahi, na al'ada ne," in ji ungozoma.

"Malam, wa ya gaya maka?" in ji Ajuma.

"Sujadarki. Duk ranar da na ga kina sauka a hankali, ni ma sai in rage wuta."