Gobe, Inna

Ina tankaɗe aka shigo aka ce motar audugar da Rabo ke tuƙawa ta kife a hanyar Daudawa, ko shurawa bai yi ba. Ɗan haya ne a gidana na Faskari. Shekarar Udoji, da aka yi ƙarin albashin nan, kowa na da kuɗi, shi kuwa bai taɓa biya kan lokaci ba. Kullum da safe sai na buga mishi ƙofa ina faɗa, yana dariya: "Gobe, Inna."

Ranar sadakar uku matarshi Indo ta riƙe hannuna. "Inna, kuɗin na nan kullum. Cewa ya yi tun da ɗanki ya rasu, faɗan haya kaɗai ke fiddo ki daga ɗaki."

Ban sake ba kowa ɗakin ba. Har yau ina buga ƙofar da safe.