Tsohuwar Akuya a Gidan Haya

"Ɗaki na ba ki haya, ba turke ba," in ji mai gidan. "Ko akuyar nan ta fita yau, ko ku fita tare."

Matar ta dubi tsohuwar akuyar, tana kwance bakin ƙofa tana tuƙa. Tun da ta baro ƙauye ta zo garin Cadawa take jin irin wannan magana. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa ba ta rabuwa da dabbar.

"Ba haihuwa, ba nono," ya ƙara. "Ki kai wa mahauta, ki huta."

Ta naɗe tabarma, ta ƙulle tukunya cikin zane, ta miƙa masa lakile, wato makullin ɗakin, a tsaye, ko rusunawa babu.

"Alhaji, shekarar da nonona ya ƙafe, ita ta shayar da ɗana har ya yi ƙafa. Ya riga mu gidan gaskiya, mu uwayensa biyu muka saura." Ta kwance igiyar. "Ku a nan, in uwa ta tsufa, mahauta kuke kai wa?"

Ba ta jira amsa ba. Akuyar ce ta fara tsallake dokin ƙofa.