Ƙuli-ƙuli a Takardar Yusufu

Ni da na tsaya aji ukku a lakkwal, wato makarantar boko, ban isa yin wa'azi ba, amma wannan ku saurara da ladabi.

Wata la'asar a Tsibiri na yage takarda ɗaya daga Littafi Mai Tsarki na Baba, na ƙunshe ƙuli-ƙuli. Saboda littafin nan fa 'yan'uwansa suka daina cin tuwo da shi. Ina cikin tauna sai ga inuwarsa a kaina, da bulalar jaki a hannu. Na daina tauna.

Ya karɓi takardar, ya shinshina man da ya jiƙa ta, ya daɗe yana dubawa.

"Kai, ɗan nema! Duk littafin nan ba ka ga wurin yagewa ba sai inda Yusufu ya yafe ma 'yan'uwansa?"

Na runtse ido ina jira. Sai na ji ya ce:

"In na buge ka, da wane baki zan karanta wannan ran Lahadi? Miƙo ƙuli-ƙulin."

Tare muka cinye. Har yau in na ji ƙanshin man gyaɗa, bayana yakan yi tsam, yana jiran bulalar da ba ta sauka ba.