Nauyin Bindigar Malam Audu

Yau bindigar farauta daga kanti ake sayo ta, ba nauyi, kamar sanda. Na ga irinta a Agadas, na gani a Khartum. A Katsinar yarintata kuwa maƙeri ke ƙera ta, kuma shi ake tuhuma in ta ci mai ita.

Shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, wani tsohon maharbi, Malam Audu, ya zo da bindigarsa daga Batagarawa maƙerar mahaifina a Gobarau. An gayyace shi harbin murna, amma kafaɗarsa ta gaza.

Ya ce, "Maƙeri, sa magagari ka rage mani kaurin bututun nan. Ta yi mani nauyi."

Baba ya auna ta a hannu, ya ce, "Malam, in na kankare ƙarfen nan, ran da albarushi ya ɗan yi yawa, a hannunka za ta fashe. Nauyin nan ne tsakaninka da wuta."

"To, in zauna gida in ji ƙarar ta wasu?"

Baba ya juyo gare ni, ya ce, "Tashi. Yau kai ne kafaɗarsa."

Na saɓa ta har filin taro. Kafaɗata na zogi, warin tsohon albarushi na cika mani hanci, amma ban sauke ba. Malam Audu ya karɓa ya harba, ƙasa ta amsa, ya ɗaga hannunsa lafiya lau yana dariya.

Ban taɓa ɗaukar kayan da na yi alfahari da su kamar wannan ba. Maƙerar yanzu shagon cajin waya ce, kuma ba wanda ke ƙera bindiga a unguwarmu.