Jar Saniyar Kogo

Sau tara tana danna kyamara, sau tara hoton na fitowa dutse zalla. Jar saniyar da mutanen farko suka zana a bangon kogon ta koɗe.

Gidan adana zane-zanen da take wa aiki a Birnin Kudu ne ya turo ta ɗaukar hoto don a ɗora a intanet. Cikin shanu bakwai, wannan kaɗai ta rage. Ta san abin da ya cinye sauran: shekara talatin tsohon mai gadin yana watsa wa zanen ruwa don launi ya taso, baƙi su gani. Makon jiya ta rubuta takarda mai zafi, ta nemi a sallame shi.

Yana zaune a inuwa, buta a gefensa.

"'Yar boko, injin naki bai gan ta ba? Ai ba ta fitowa sai ta sha."

"Baba, shan ne ya kashe 'yan uwanta."

"To, ƙyale ta. Ga damina nan tafe, ita kuwa ba ta karanta takarda."

Ta ɗaga kai ta dubi sabuwar tsagar da ke saman zanen. In ta jiƙa saniyar, ta rage mata kwana. In ta bar ta, ruwan sama zai tafi da ita ba ko hoto.

Ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba.

Ruwan na sauka, saniyar ta taso ja wur, har da ƙahonninta. Ta danna. Da ta sunkuyar da kai, sai ga siririn jan ruwa yana gangarowa wajen takalminta.